Babban Yatsa

Shekara goma sha tara ina bakin ƙofa,
ni da littafin nan mai baƙin bango,
a kamfanin casar shinkafa, can bayan garin Argungu.
Duk mai shiga sai ya sunkuya gabana ya sa hannu.
Na san hannun kowa.
Arzika jan layi yake kamar mai korar kaza,
Nomau sai dangwale da tawada,
Luba kuwa zana sunanta take a tsanake
kamar wasiƙar da za ta haye kogi.

Wata Litinin aka tara mu gindin dalbejiya.
Sabuwar manaja, sa'ar autar gidanmu,
ta ce daga wata mai kamawa
wani ɗan akwati a bango zai riƙa karɓar sunanmu.
Muka tafa.
Na fi kowa ƙarfin tafi,
na koma gida tuwo ya ƙi wuce maƙogwarona.

Arzika ne ya fara: ƙirga mu ake a san na kora.
A teburin mai shayi maganar ta haihu,
kafin la'asar ta yi jikoki.
An ce hoton yatsa a Abuja yake kwana.
An ce yana shan jini kaɗan-kaɗan.
Ni ban ce ba, ban kuma hana ba.
Wutar wani ce, na miƙa mata tafin hannu.

Luba ta tsaya bayan an tashi, ta koya.
Muka rage mata gaisuwa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
akwatin bai ba ni tsoro ba.
Ba a taɓa albashina ba,
sito aka mai da ni, ƙirgar buhu, fanka na juyi a kaina.
Amma ran da matar Nomau ta kwana tana naƙuda
ya iso tara saura, ido jawur,
ni na rubuta bakwai.
Wa zai yi masa wannan ƙaryar yanzu?
Kuma tunda gaskiya ake faɗi,
wa zai kawo mini goro saboda ita?

Ranar farko muka yi layi kamar masu jiran allura.
Luba ta ɗora, wuta ta yi kore,
abin ya yi mata godiya da Turanci.
Arzika ya ɗora yana tsaki. Kore.
Nomau ya ɗora.
Ja.
Ya goge a riga. Ja.
Ya hura, ya lasa, ya yi bisimilla. Ja.
Shekara ashirin na igiyar buhu da ƙaiƙayi
sun cinye zanen da aka haife shi da shi.
Ya tsaya yana duban yatsan nan
kamar wanda ya yi sallama a gidansa aka ce wane ne.

Ba wanda ya yi dariya, ko Arzika.

Manaja ta fito, ta karɓi hannun, ta juya shi,
ta daɗe ba ta saki ba.
Sannan ta ce, Malam Hantsi, littafin nan yana nan?
Na ce sai na duba inda na jefa shi.
Yana cikin jakata.
Sati uku ina zuwa da shi kullum safe,
ban san ko don me ba.

Yanzu suna uku ne a ciki,
dattawa uku da aiki ya shafe.
Da safe nakan buɗe musu, in miƙa tawada,
in ji wani daɗi da nake jin kunyarsa.
Sannan in juya wajen bango
in ɗora nawa yatsan, mai laushi,
wanda bai taɓa ɗaga buhu ba.

Kore, tun karon farko.
Nomau yana kallo.